"Ban gane ba" ba abin kunya ba ne: Turancin neman bayani da jaddada magana



Yau maganar Turanci za mu yi, amma ba na cin WAEC ko JAMB ba. Turancin zaman intabiyu da ɗakin taro nake nufi, inda ake yanke shawara a kan makomarmu.

Abin da nake gani a tsakaninmu matasa yana damuna. A yi wa mutum tambaya a intabiyu, bai gane ba, sai ya gyaɗa kai ya ce "yes sir", ya kama amsa abin da ba a tambaye shi ba. Shi ke nan aiki ya wuce shi. Wata kuma takardar yarjejeniya ake karanta mata, kunya ta hana ta tambaya, ta sa hannu. Alhali matambayi ba ya ɓata.

To, in ba ka ji ba, ka ce "Sorry, could you say that again?" Sorry ɗin nan ba neman gafara ba ne, ladabi ne kawai. Kada ka ce "What?" tsurarta, tamkar babba ya kira ka ne ka ce "me?" a maimakon "na'am". In ka ji amma kana shakka, maimaita da bakinka: "Do you mean...?" In kai ne ba a fahimta ba, "What I mean is..." shi ne "abin da nake nufi". "In other words" kuwa "wato" ɗinmu ce.

Sai jaddadawa. Mu muna da fa, dai, kam. "Na tura" daban, "na tura fa" daban. Bature da do yake wannan aikin: "I did send it", ka danna did ɗin da murya. "The point is..." kuma ita ke dawo da taro kan hanya in an fara kewaye-kewaye. Amma a yi hattara da "actually". Galibi gyara take yi, in ka yawaita ta gaban manya sai a ga kamar gardama kake nema.

Ku zaɓi biyu kawai, ku riƙa gwada su da abokai a makon nan har baki ya saba. Ranar intabiyu ba ranar koyo ba ce.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu sa'a.