Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara: Bashin Gidan Karkara a Amurka da Tarihin Garin Taskigi



Da yawa daga cikinku kuna da 'ya'ya ko ƙanne a Amurka da kuɗin haya ke cinye musu albashi. Shi ya sa na zaɓi yi muku bayani kan bashin gidan karkara, tare da misali da Taskigi, wani ƙaramin gari a Jihar Alabama da ke kudancin ƙasar, inda na yi zama.

Malaminmu na tarihi zai tuna da sunan garin. A nan ne Booker T. Washington ya buɗe makarantar horar da baƙar fata a 1881. Masanin aikin gona George Washington Carver ya zo koyarwa a 1896. A nan aka haifi Rosa Parks a 1913, a nan kuma aka horar da baƙaƙen matuƙa jiragen yaƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1957. A shekarar ne majalisar jihar ta sake shata iyakar garin, ta mai da shi mai kusurwa 28, don a fitar da baƙaƙe masu jefa ƙuri'a. Daga cikin kusan 400, huɗu ko biyar kacal suka rage a ciki. Wani malami, Charles Gomillion, ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta goyi bayansa a 1960.

To, 'yan uwa, har gobe layin taswira na yanke wa mutum hukunci, sai dai wannan karon yana iya zama alheri. Ma'aikatar Gona ta Amurka ce ke kula da bashin, bisa dokar gidaje ta 1949. Sharaɗin farko, gidan ya kasance inda taswirarta ta kira karkara. Garin da bai wuce mutum 10,000 ba yakan shiga, kuma ƙidayar 2020 ta nuna Taskigi bai kai haka ba. Wasu garuruwan ma har 35,000. Duk da haka, a duba adireshin gidan kansa, domin titi ɗaya na iya raba mai rabo da marar rabo.

Na biyu, samun duk mutanen gidan kada ya wuce kashi 115 cikin ɗari na matsakaicin samun yankin, idan banki ne zai bayar gwamnati ta tsaya wa mutum. Wanda samunsa bai wuce kashi 80 ba yana iya karɓa kai tsaye daga ma'aikatar, ya biya cikin shekara 33. Na uku, mutum ya zauna a gidan da kansa, ba haya zai bayar ba. Na huɗu, ya zama ɗan ƙasa ko baƙon da doka ta amince da shi, kamar mai takardar zaman dindindin. Ba a neman kuɗin kafin alƙalami, amma akwai kuɗin ruwa. Wanda wannan ya dame shi ya nemi fatawa tukuna.

Don haka ku gaya wa yaranmu kada su raina ƙananan garuruwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma a duba taswira kafin a ce ba za a iya ba.