Hanyoyin Shiga Karatun Likitan Haƙori Ga Wanda Jarrabawa Ta Ba Shi Kunya



Sa'ad da takardar gayyata ta iso mini cewa in yi magana a kan wannan batu, na zaci ɓatan kai ta yi, domin kuwa a ajinmu akwai waɗanda suka fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba. Daga baya Sakatare ya gaya mini dalili, watau ni ne wanda ya taɓa faɗuwa. Ban musa ba. Shekarar da na gama sakandare D7 na samu a kemistiri. A makarantarmu, wadda ba zan ambaci sunanta ba, mun yi zango biyu cur babu malamin wannan darasi, ban kuwa taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannuna ba sai ana saura mako uku jarrabawa. Ran da sakamako ya fito mahaifina bai ce mini uffan ba, ya dai ninke takardar ya sa aljihu ya tafi masallaci. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na san yawancinku kun riga kun shigo jami'a, waɗansu ma kuna aikin gwamnati. Amma da wuya a sami wanda ba shi da ƙane ko ƙanwa da ke zaune a gida yanzu da irin takardata, kuma ku za a tambaya. Abin da nake so ku riƙe shi ne, kafin ku ba yaro shawara ku fara duba inda ya faɗi, gama maganin da ya dace da wani yana iya ɓata wa wani shekara a banza.

Ga abin da ake bukata. Kiredit biyar, daga A1 zuwa C6, a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, a jarrabawar WAEC ko ta NECO. Sa'an nan jarrabawar JAMB a Turanci da darussan kimiyyar nan uku, wadda makinta duka 400 ne, sai kuma tantancewar da jami'a ke yi da kanta. Karatun shekara 6 ne, bayansa shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, kana a tafi yi wa ƙasa hidima. Akwai masu ɗaukar likitancin haƙori a matsayin mafaka ga wanda ya rasa gurbin babban likita. Wannan kuskure ne. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kujerun aikinta, kuma guraben haƙori sun fi na likitanci ƙaranci ainun. Makarantun ma ba su da yawa. Ta farko a ƙasar nan a Jami'ar Legas aka buɗe ta cikin 1966, Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya, Arewa kuwa ta daɗe tana jira kafin Jami'ar Maiduguri ta fara, daga bisani Jami'ar Bayero ta Kano da ta Jos suka bi sahu.

To, wanda ya rasa kiredit a ɗaya daga cikin darussan nan biyar ba shi da wata dabara sai ya sake zama. Na nanata wannan domin na ga iyaye suna biyan kuɗin karatun gaba da sakandare alhali tushen bai cika ba. Alhamdu lillahi, damar sakewa ta yawaita. WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, tun 1918... a'a, ku gafarce ni, tun 2018 kuma WAEC ta ƙara wata a farkon shekara. Amma fa akwai tarko a nan. Jami'o'i da yawa ba sa karɓar haɗin takardu biyu a wannan fanni, sai dai kiredit biyar ɗin su fito a zama ɗaya. Yaro sai ya duƙufa a kan darasin da ya faɗi kaɗai, ya yi watsi da sauran saboda ai ya ci su bara, ya ci kemistiri ya faɗi fiziks, ya tashi da takardu biyu babu cikakkiya ko ɗaya. Abokina da muka sake zama tare haka ta faru gare shi. Ni ma saura ƙiris, domin wata biyu kafin jarrabawa wani yayana ya ba ni tsofaffin tambayoyin lissafi na ga na manta rabinsu. Wanda zai sake, ya ɗauka bai taɓa zama ba.

Idan kuwa takardar sakandare ta yi kyau, makin JAMB ne ya gaza, abin ya zo da sauƙi. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, bana ba ta bin bara bashi. Sai dai a gaya wa yaro gaskiya, mafi ƙarancin makin da ake shelantawa kowace shekara na shiga jami'a ne gaba ɗaya, wanda ake ɗaukar ɗaliban haƙori da shi yana can sama ƙwarai. Tun 2015 kuma da kwamfuta ake yin jarrabawar, saboda haka ɗan ƙauyen da bai saba da ita ba ya nemi inda zai gwada hannunsa tun da wuri.

Irin wannan yaro yana da wata hanya har ila yau, watau karatun share fage na kimanin shekara guda. Akwai IJMB wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita tun shekarun 1970, ana yinta a wurare kamar makarantar share fage ta Funtuwa da kwalejin CAS ta Kano, akwai kuma JUPEB wadda ta fara cikin 2014 bisa jagorancin Jami'ar Legas. Darussa uku ake ɗauka, fiziks da kemistiri da bayoloji, wanda ya ci da kyau sai ya sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB ya nemi aji biyu. Amfaninta a fili yake, shekarar da aka yi ba ta tafi a banza ba. Amma guraben aji biyu 'yan kaɗan ne, sakamako na tsaka-tsaki ba ya kai mutum. Shawarata ita ce, mai yin IJMB ya sake zaman JAMB a wannan shekara, in wannan ta ƙi waccan ta yi. A kuma tabbata cibiyar da za a kai yaro tana da izini, don masu buɗe ajujuwa a bayan kanti sun yi yawa.

Yanzu na zo kan shawarar da na fi jin tsoro, wadda kuma ita aka fi bayarwa. Sai ka ji an ce, "Karɓi bayokemistiri ko ilmin tsirrai ka shiga tukuna, in ka yi shekara ɗaya a canja maka." Jama'a, da wane gurbi za a canja masa, alhali an ƙayyade adadi kuma an cika shi? Yakan faru jefi-jefi ga wanda ya yi fice, amma ba abin da za a ɗora rayuwar yaro a kansa ba ne. Na san ɗalibai a nan da suka shigo da wannan alkawari, yau suna aji uku suna karanta abin da ba sa so. Wanda ya karɓi wani fanni, ya karɓe shi da niyyar gamawa. In ya fita da digiri mai daraja a fanni na kusa, kamar ilmin sassan jiki ko na aikin gaɓoɓi, yana iya neman shiga aji biyu. Wannan hanya ce ta gaskiya, sai dai ku yi lissafi, shekara 4 a haɗa da 5. Ku gwada wannan da shekara ɗaya tak ta zaman gida a sake jarrabawa. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, amma mu abin da ke hana mu shi ne kunyar maƙwabta, kada a ce ɗan wane yana gida sa'o'insa sun wuce. Na ɗanɗana wannan kunya, har hanyar zuwa kasuwa na canja. Wata goma sha biyu ce, ta kuwa wuce.

Ga 'yan'uwa ma'aikata, akwai sana'ar kula da lafiyar baki da ta ƙera haƙoran roba, waɗanda ake koyarwa a kwalejojin kiwon lafiya, makarantar gwamnatin tarayya ta Enugu kuma ta daɗe da yin suna a kansu. Sana'o'i ne masu mutunci, kowacce da hukumar rajistarta, likita kuwa ba ya iya aiki ba tare da su ba. Amma daɗewa a cikinsu ba ya mai da mutum likita. Mai son wucewa gaba ya duba ƙa'idar jami'ar da yake nema kafin ya nemi hutun ƙaro ilmi.

Ƙasashen waje ba zan daɗe a kansu ba. Mai hali ya tafi, amma ya sani in ya komo sai ya ci jarrabawar Majalisar Likitoci kafin a yi masa rajista. Mun kuma ga yadda yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 suka komo da ɗalibanmu gida karatu a katse.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan cire haƙori, abin da wanzami ke yi? Wanda ya faɗi haka ya je Sakkwato, asibitin yara masu cutar noma da aka buɗe a 1999. Ba noman gona nake nufi ba, cuta ce da ke farawa daga dasashin yaron da bai sami abinci mai gina jiki ba, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci da leɓe har ƙashin muƙamuƙi. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, Nijeriya ce kuma ta jagoranci neman haka. A matakin farko tsabtace baki da maganin ƙwayoyin cuta da abinci kan tsai da ita, in an sami wanda zai buɗe bakin yaron ya gane abin da ya gani. A ƙauyenmu babu shi, a hedikwatar ƙaramar hukumarmu ma babu.

Malam Shugaba, na ga ana nuna mini agogo. Roƙona ga wanda zai koma gida hutun nan, ya karɓi takardar ƙanensa ya duba da idonsa, kada ya tsaya ga "an ce". Ya buɗe ƙasidar JAMB ta wannan shekara ya karanta sharuɗɗan kowace jami'a ɗaya bayan ɗaya, domin sukan bambanta, sukan kuma canja. Mai tambaya a kan IJMB ko sake zama ya same ni bayan an tashi, ina nan bakin ƙofa.