Tumbi da Awon Ƙugu: Gargaɗin da Jiki Ke Yi Kafin Ciwo Ya Bayyana

 

A ƙasar Funtua da Malumfashi, idan manomi ya samu albarkar masara da waken suya, ya buɗe shago, tumbi ya fara turo riga, sai mu ce hutu ya zauna masa. Na zo ne in roƙe ku mu sake duban wannan tumbi, domin sau da yawa shi ne sallamar farko da ciwon siga da hawan jini ke yi wa mutum.

Duk wanda ya tsaya kan ragon layya ana feɗe shi ya ga kitse iri biyu. Akwai na ƙarƙashin fata, akwai kuma farin nan da ya lulluɓe tumbi da hanji, wanda mahauci ke yaye shi da hannu. Mu ma haka muke. Na ƙarƙashin fata, irin na cinya da ɗuwawu, ɓarnarsa da sauƙi. Na cikin ciki shi ne abin tsoro, saboda jinin da ya ratsa shi hanta yake nufa kai tsaye, ɗauke da maiƙo da sinadaran da ke tayar da kumburi. Sannu a hankali hanta ta tara kitse, jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da siga cikin tsoka, sai siga ya taru a jini. Jijiyoyi su yi tauri, jini ya hau. Daga nan hanya ta buɗe wa bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙoda. Ana iya shekaru ana wannan ɓarna mutum bai ji ko ciwon kai ba.

Tun 1947 wani likitan Faransa, Jean Vague, ya lura cewa inda kitse ya zauna ya fi yawansa muhimmanci. A 2005 kuma binciken INTERHEART, wanda ya haɗa mutane kusan 27,000 daga ƙasashe 52, ya nuna cewa kwatanta faɗin ƙugu da na kwatangwalo ya fi lissafin nauyi da tsawo nuna haɗarin bugun zuciya. Shi ya sa siririn mutum mai ɗan tulun ciki bai tsira ba.

Ga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Namiji, haɗari na farawa daga santimita 94, wato inci 37 a tef ɗin tela, ya tsananta daga 102, inci 40. Mace kuwa daga santimita 80, ya tsananta daga 88. A jikin Turawa aka fara fitar da waɗannan alƙaluma, don haka na fi son dabarar da hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawara a 2022: kada ƙugunka ya kai rabin tsawonka. Wannan ko tef ba ta buƙata. Yanki igiya daidai tsawonka daga ƙasa zuwa tsakar ka, ninka ta biyu, zagaya ta tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwatangwalo, wajen cibiya. Tsaya sosai, saki numfashi, kada ka shanye ciki, kada kuma ka auna ƙasan tumbi inda ake ɗaure wando. Idan bakin igiyar biyu suka ƙi haɗuwa, ka nufi asibiti.

Me ya kawo mu nan? Aikinmu ne ya ragu, kwanonmu bai ragu ba. Kakanninmu da ƙafa suke zuwa gonar auduga, da fartanya suke wuni. Yau babur ke kai mu, maganin feshi ke kashe ciyawa, injin niƙa ya hutar da turmi. Ban ƙi sauƙin nan ba, rahama ce. Amma malmalar tuwon tana nan yadda take, mun ƙara mata burodi, shayi mai kauri da lemon kwalba.

Iyayena mata, abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Wasunsu irin deksametason ne, maganin da ke tara kitse a ciki da fuska, ya ɗaga siga da jini. Ana ɗura wa amarya ciwo da sunan gyara. Don Allah a daina.

Abin farin ciki, kitsen ciki na cikin wanda ke saurin narkewa idan aka motsa jiki. Tafiya da sauri ta minti 150 a mako ta isa mafari, wato rabin awa sau biyar. A rage malmala, a ƙara zogale, wake da kuɓewa. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kuma dunƙulen miya na cikin lissafin.

Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda a asibitin Shika ya san yadda jinyar ke cinye amfanin gona. Ina roƙon ma'aikatan lafiya su riƙa auna ƙugun duk baligin da ya zo gabansu, teloli kuma su gaya wa mai ɗinki gaskiya idan awonsa ya ƙaru. Ku kuma, yau da dare ku nemi igiya ku auna kanku da iyalanku, wanda ta ƙi zagaya shi ya je Babban Asibitin Funtua ko asibitin da ke kusa a duba masa siga da hawan jini.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani.