Annobar Korona da Tsinkewar Hanyoyin Kaya: Yadda Ya Kamata Mu Auna Ɓarnar

 

An nemi in yi magana a kan yadda annoba ke dagula tafiyar kaya daga inda ake yin su zuwa hannun mai saye. Zan tsaya a kan korona, domin babu wanda ke zauren nan da bai ɗanɗana kuɗarta ba. A fahimtata, yawancin kayan da aka yi ta nema a 2020 da 2021 suna nan a duniya, sai dai sun maƙale a inda ba a bukatarsu, ko sun iso bayan bukatar ta wuce. Wanda zai auna ɓarnar annoba ga kasuwanci, daga nan zai fara.

An kulle birnin Wuhan ranar 23 ga Janairun 2020. Masana'antun Sin suka tsaya, jiragen ruwa suka rage zirga-zirga. Kafin Sin ta gama farfaɗowa, Turai da Amurka sun shiga kulle. Da mutanensu suka zauna a gida, kuɗin da suka saba kashewa a tafiye-tafiye da gidajen abinci sai ya koma sayen kwamfuta da talabijin da kayan ɗaki. Kwantena ta riƙa tafiya Amurka cike, ta yi zaune can babu mai mayar da ita da wuri. Kuɗin ɗaukar kwantena mai ƙafa 40, wanda bai kai dala 2,000 ba kafin annoba, ya haura dala 10,000 a Satumbar 2021. A Janairun 2022 jirage fiye da 100 ne ke jiran layi a gaban tashoshin Los Angeles da Long Beach. A Agustan 2021 an rufe wani sashe na tashar Ningbo ta Sin saboda ma'aikaci ɗaya ya kamu. Kada kuma mu manta da matuƙan: a Satumbar 2020 ma'aikatan jirgin ruwa kimanin 400,000 suna kan teku, kwantiraginsu ya ƙare, ƙasashe da yawa sun hana su sauka.

Inda nake so mu daɗe shi ne harkar motoci, don a nan darasin ya fi fitowa. Motar zamani tana ɗauke da ɗaruruwan 'yan ƙananan ƙwaƙwalen lantarki, kuma mafi ingancinsu kamfanoni kaɗan ne ke yi, irin su TSMC na Taiwan da Samsung na Koriya ta Kudu. Da annoba ta shigo, masu ƙera motoci suka ɗauka ciniki ya mutu, suka soke odarsu. Masu yin waya da kwamfuta suka cike gurbin. Da cinikin mota ya dawo, sai suka tarar da kansu a ƙarshen layi. Aka wayi gari motoci an gama haɗa su, an jere su a fili, ba a iya sayarwa saboda wani ɗan abu da bai kai farcen yatsa ba. Toyota ne ya shahara da tsarin nan na kada a tara kaya a sito, a kawo su daidai lokacin aiki. Amma bayan girgizar ƙasar da aka yi a Japan a 2011, shi da kansa ya sa masu kawo masa kaya su ajiye ƙwaƙwalen na watanni. Shi ya sa ya fi takwarorinsa jurewa a farkon 2021, har sai da cutar ta rufe masana'antu a Malesiya da Biyetnam, ya rage aikinsa da kusan kashi 40 cikin 100 a watan Satumba. Ajiya tana sayo maka lokaci, kamar rumbun manomi da ke kai shi kaka, amma idan mai kawo wa mai kawo maka kaya ya faɗi, kuma ba ka ma san sunansa ba, rumbun zai ƙare.

Magani ya fi wannan tayar da hankali. Indiya, wadda muke sayen magunguna masu yawa a wurinta, ita ma daga Sin take samo mafi yawan sinadaran haɗa su. A Maris na 2020 ta taƙaita fitar da sinadarai da magunguna 26, har da farasitamol. A 2021, da cutar ta yi mata tsanani, ta dakatar da fitar da rigakafin da ake yi a Cibiyar Serum, wanda shirin rabon rigakafi na COVAX ya dogara da shi don Afirka. Ban ga laifin gwamnatin da ta fara duba mutanenta ba. Laifin namu ne da muka jingina lafiyar jama'armu ga alherin wasu.

A nan gida, annobar ta same mu iyakokin ƙasa a rufe tun Agustan 2019. Sai ga kulle a Legas da Abuja daga 30 ga Maris na 2020, Ogun ta biyo baya da 'yan kwanaki, sai Kano a Afrilu, sai hana shiga wata jiha daga wata. A takarda an ce motocin abinci su wuce. A kan hanya kuwa direban da ya ɗauko kwandunan tumatir zuwa kasuwar Mile 12 sai ya tsaya a shinge bayan shinge, ga rana, ga ruwan tumatir yana ɗiga daga bodin mota. Manomi ya karyar da kayansa a gona, mai saye a Legas ya saya da tsada, duk a mako guda. Ɗan Kantin Kwari da ya saba zuwa Guwanzu ta Sin ya taɓa yadi da hannunsa ya koma zaɓe ta hoton waya, yana jiran kwantenar da ba a san ranar isowarta tashar Apapa ba.

Saboda haka idan ɗalibi ko ma'aikacin gwamnati ya zo auna wata sana'a, kada ya tsaya a jimillar asara. Ya tambayi mai sana'ar: in aka rufe hanya yau, kwana nawa kayanka za su kai ka? Daga wuri nawa kake samo su, su kuma daga ina suke samowa? Kayanka na jure ajiya, ko irin tumatir ne? Amsoshin nan su ke bambanta mai gero a Dawanau da mai kantin magani a Sabon Gari, ko da annoba ɗaya ce ta same su.

Ina roƙon jami'o'inmu su tura ɗalibai kasuwanni su rubuta asalin kowane muhimmin kaya, musamman magani da taki da iri. Ina roƙon ƙungiyoyin 'yan kasuwa su buɗe musu ƙofa. Gwamnatocin jihohi kuma su zauna da ƙungiyoyin direbobi tun yanzu, a rubuta yadda motar abinci da ta magani za su wuce shinge ba tare da tsaiko ba idan Allah ya sake jarrabar mu.