Ɗan kyanwa mai susa: kada a shafa masa maganin gona



Na san wani zai ce, ana zancen gero da wake da aya, wa ya aiko mu da zancen kyanwa? To, daga Agie zuwa Gazawa har Gidan Rumji, duk wanda ya cika rumbu bana yana da abokin gaba guda, ɓera, kuma kyanwa ce ke tsare masa dukiya ba tare da an biya ta ko dala ba. Sannan yaranmu ne ke ɗaukar ƴaƴanta suna rungumewa, har su kwana tabarma ɗaya. Abin da ke jikin ɗan kyanwa, gobe yana iya zama a kan ɗanki.

Mafi yawan susar nan ƙuma ce ke kawo ta. Ga yadda za ki gane, Inna: ki tsayar da ɗan kyanwar a kan farin ƙyalle mai laima, ki taje gashin bayansa da mataji mai ƙananan haƙora. In baƙin gari ya zubo, ya jiƙe ya koma ja, kashin ƙuma ne, wato jinin da ta sha. Ƙuma ɗaya tana iya zuba ƙwai kusan 50 a yini, kuma ƙwan ba ya zama a jikin dabba, zubewa yake yi cikin tsummokara da ƙasar lungun da uwar ta haihu. Shi ya sa za ki tsince su yau, jibi su dawo. Jaririn kyanwa mai sati uku jininsa kaɗan ne. Ki ɗaga leɓensa, in dasashi ya yi fari fat, ƙuma ta kusa kashe shi. In ya haɗiye ta wajen lasar jiki kuma, tsila ce za ta biyo baya.

Akwai ƙazwa, wadda ke farawa daga gefen kunne da fuska, fata ta yi ɓawo. Akwai ƙananan ƙwari na cikin kunne, za ku ga baƙin datti yana ta kaɗa kai. Sai makero, inda gashi ke zubewa a zagaye. Shi ba ƙwaro ba ne, dangin funfuna ne, kuma shi ya fi saurin kama yara. In kun ga irin wannan tabo a kan yaro, a kai shi asibiti, a faɗa wa likita akwai kyanwa a gida.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Don Allah kada a shafa wa kyanwa maganin feshin wake, ko na kaskar shanu, ko wanda aka yi don kare. Da yawansu suna da sinadarin da hantar kyanwa ba ta iya tacewa, sai ta kama rawar jiki da dalalar miyau har ta mutu. Baƙin mai da kananzir su ma guba ne, domin duk abin da aka shafa mata sai ta lashe. Farasitamol ɗin da muke sha, ƙwaya ɗaya ta isa ta halaka ta.

Ga jariran kyanwa, mataji ya fi komai. A taje kullum, a nutsar da ƙumar cikin ruwan sabulu. In za a yi wanka, da ruwan ɗumi ne, a goge shi ya bushe nan take, don sanyi na kashe su. A ƙone tsummokaran ko a wanke da tafasasshen ruwa a shanya a rana, a share lungun tas. Uwar ma a duba ta.

Ƙazwa da makero kuwa sai likitan dabbobi, shi zai auna magani daidai nauyi da watannin dabbar. Ma'aikatan kiwo da ke yi wa bisashenmu allura, a tambaye su, ba abin kunya ba ne. Yara kuma, duk wanda ya taɓa kyanwa ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa a tuwo. Iyaye mata, wannan aikin a hannunku yake.