Jini Bayan Kwanciyar Aure: Jawabi Ga Matan Ƙofar Marke



Akwai wata matsala da mata ke ɓoyewa saboda kunya. Mace ta sadu da mijinta, sai ta ga jini, alhali ba lokacin al'adarta ba ne. Sau da yawa sai ta ce istihala ce, ta aika a tambayi malam hukuncin sallarta. Tambayar tana da kyau. Amma malam hukuncin salla zai faɗa, ba zai iya faɗin inda jinin ya fito ba. Wannan aikin asibiti ne.

Galibi jinin daga bakin mahaifa yake fitowa. Ciwon sanyi yana kawo shi. Ɗan tsiro a wurin yana kawo shi. Haka nan bushewar gaba ga macen da ta daina haila. Duk waɗannan suna da magani. Sai dai a wasu mata, wannan jinin shi ne alamar farko ta sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 cutar ta kama mata wajen 12,000 a Nijeriya, ta kashe wajen 8,000.

Wata ƙwayar cuta mai suna HPV ce ke jawo ta, ta hanyar saduwa ake ɗaukarta. Tana iya yin shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. A duk tsawon wannan lokaci mace ba ta jin ciwon komai. Shi ya sa ake son mai shekara 30 zuwa sama ta je awo ko lafiyarta ƙalau.

Awon ba tiyata ba ne. Ma'aikaciyar jinya za ta sa ɗan abin buɗawa, ta haska fitila, ta shafa wani ruwa mai tsami a bakin mahaifa. Bayan minti ɗaya, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. In an gan shi da wuri, ana kashe shi da ɗan zafi ko sanyi, mace ta koma gida a ranar. In likita ya ga abin da bai yarda da shi ba, sai ya ɗebi ɗan nama a kai bincike.

Wadda ta riga ta ga jini kada ta tsaya shan jiƙe-jiƙe ko matsi. Ta nufi sashen mata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. Mai ciki kuwa ranar da ta gani za ta tafi. Maigida ya ba da izini da kuɗin mota, in da hali ya raka ta.

Ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Nijeriya ta fara allurar rigakafin HPV a watan Oktoba 2023, ta iso Jihar Sakkwato a 2024. Allura ɗaya ce a dantse.