Binyat: tsohuwar mota ko sabuwa, wace ce ta fi cancantar biya?



Duk mai mota a ƙasar nan ya san binyat, harajin da yake biya kowace shekara kafin jandarma su tare shi a hanya. Kaɗan ne suka san mafarinta. A Faransa aka haife ta, a shekarar 1956, zamanin gwamnatin Guy Mollet, da alkawarin cewa kuɗin za su tafi ga tallafin tsofaffi marasa ƙarfi. Kuɗin dai baitulmalin ƙasa suka shiga, suka gauraya da sauran lampo, kuma Faransawa sun daɗe suna yi wa hukumarsu gorin wannan alkawari.

Abin lura shi ne yadda aka tsara biyan. Ana duba ƙarfin injin da aka rubuta a kartagiris, sannan a dubi shekarun motar. Wadda ta haura shekara 5 rabin kuɗi take biya, wadda ta haura 25 an yafe mata. Hujjar a fili take: a wancan zamani mota alamar wadata ce, mai sabuwa ya fi mai tsohuwa abin hannu, don haka shi ya kamata ya fi ɗaukar kaya. Da aka miƙa harajin ga jihohi a 1984, kowace ta yanka nata farashi, sai jihar Marne ta karya nata, kamfanonin hayar motoci suka yi tururuwar yin rajista a can, lamba 51 ta cika titunan ƙasar. A shekarar 2000 Faransa ta soke binyat ga motocin masu zaman kansu. Mai abu ya yar, magada suna nan riƙe da shi.

Daga baya hujjar ta juye. Turawa suka daina tambayar abin da ke aljihun mai mota, suka koma tambayar abin da ke fita daga bututun hayaƙinta. Ingila ce misalin da ya fi ɗaure kai, domin tsari uku ne ke aiki a can lokaci guda, kuma ranar da aka fara yi wa mota rajista ita ke yanke mata hukunci. Wadda aka yi wa kafin 1 ga Maris 2001, girman inji ake dubawa. Daga ranar zuwa ƙarshen Maris 2017, yawan hayaƙi ne ma'auni, har wasu ƙananan motoci suka yi shekaru ba su biya ko kwabo ba. Da baitulmali ya ga kuɗi na raguwa, tun da kowa ya koma sayen mota mai ƙarancin hayaƙi, sai a Afrilu 2017 aka ɗora wa kusan duk sabuwar mota kuɗi bai ɗaya, fam 140 a shekara bayan shekarar farko. Ke nan maƙwabta biyu masu mota iri ɗaya, wata guda ne tsakanin rajistarsu, ɗaya ya yi ta biya ɗaya yana kallo, har zuwa Afrilu 2025. Masu lantarki ma, da aka yi ta lallashin jama'a su saya, an sa su a layin biya daga Afrilu 2025. Amma motar da ta kai shekara 40, wadda galibi masu hali ke ajewa don sha'awa, ba ta biyan komi.

Japan ba ta yi kwana-kwana ba: motar fetur da ta wuce shekara 13 ana ƙara mata wajen kashi 15 cikin ɗari. A birnin Landan kuwa, tsohuwar mota mai hayaƙi tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta hau titi.

To, ina motocin da aka ƙuntata wa haka suke zuwa? Ƴan kasuwar Maraɗi da na Ƙonni sun fi kowa sanin amsa, su da suka yi shekaru suna ɗauko su daga tashar jirgin ruwan Kwatano da ta Lome. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙidaya motoci miliyan 14 na hannu da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Abin da Bature ya kira tsohuwa, shi malamin makaranta a Damagaram yake kira sabuwa, bayan ya yi shekaru yana tara albashi ko yana zubin adashi.

Saboda haka duk wanda ya zo da shawarar a kwaikwayi Turai a tsananta wa tsofaffin motoci, ya kamata a tambaye shi wa zai biya. A nan, tsohuwar mota ita ce taksin Yamai, ita ce a-kori-kurar da ke kai albasa daga Galmi, ita ce mai ɗaukar mara lafiya daga ƙauye zuwa likita. Ƙarin da aka ɗora mata, fasinja da mai sayen kayan miya ne za su biya shi. Gaskiya ne kuma cewa motar da birkinta ya mutu tana kashe mutane, hayaƙinta yana cin ƙirjin yara. Sai dai maganin wannan yana wurin binciken lafiyar mota da kuma bakin duwan, inda ake iya hana ruɓaɓɓiya shigowa tun farko. Binyat ba ta gyara birki.

Ƙasashen CEDEAO sun amince a 2020 a taƙaita shekarun motocin da ake shigowa da su: 5 ga ƙanana, 10 ga manya. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairu 2025, don haka yanke wannan iyaka ya dawo hannun hukumomin Yamai, kuma masu motocin haya da dillalai suna da haƙƙin a ji ta bakinsu kafin a rubuta adadin a doka.